Yadda Ake Fara Wasan Harbin Saiti da Bindigar Iska a Maradi

Masu kallon bidiyon makamai a intanet sun saba ganin Amurkawa zaune a garejin gidajensu, ga ɗan injin matsi a gabansu, ga ma'aunin albarushi, suna sake cika kwanson harsasan ƙaramar bindiga da suka riga suka harba. A can dokar ƙasa ta yarda mutum ya yi wannan aiki domin amfanin kansa, kuma kamfanoni irin su RCBS da Lee da Hornady da Dillon suna ƙera kayansa suna sayarwa a fili. Masu yin sa suna neman abu biyu, wato rage kuɗin da suke kashewa a kan harsashi, da samun harsashin da ya dace da bindigarsu daidai wa daida. Idan wani saurayi a Maradi ya gani ya yi sha'awa, ba abin mamaki ba ne, amma ya kamata a gaya masa gaskiya tun farko cewa wannan hanya a rufe take a nan.

A Nijar ba a riƙe bindiga ko harsashi sai da izinin hukuma, haɗa harsashi a gida kuwa ƙera makami ne a idon doka. Ƙasar tana da hukumar tattarawa da sa ido kan haramtattun makamai, wadda aka fi sani da CNCCAI, tun shekarar 1994, kuma tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar ƙananan makamai da harsasai ta ƙungiyar CEDEAO da aka ƙulla a Abuja ranar 14 ga Yunin 2006. Ficewar Nijar daga ƙungiyar CEDEAO a Janairun 2025 ba ta soke dokokin cikin gida ba. Ga kuma halin da jiharmu take ciki, inda mutanen Madarunfa da Gidan Rumji suka sha fama da ƴan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane, har dubban ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato suka tsallako tun 2019. Wanda aka kama da buhun kwanson harsashi a irin wannan yanayi, babu jandarman da zai tsaya sauraron bayanin cewa nishaɗi yake yi. Shi kansa aikin ba ya yafe kuskure, domin albarushin da ya wuce kima da ɗan abin da ido ba ya gani yana iya tarwatsa bindiga a hannun mai ita.

Abin da ke jan hankalin mai sha'awar wancan aiki shi ne awo da haƙuri da neman daidaito, kuma dukkansu suna nan a wasan harbin saiti da ƙaramar bindigar iska daga nisan mita 10, wanda babu albarushi ko kaɗan a cikinsa. Wasa ne na gasar Olamfik tun wadda aka yi a birnin Seoul a 1988, kuma hukumar wasannin harbi ta duniya, ISSF, mai hedikwata a Munich ta ƙasar Jamus, ita ce ke tsara dokokinsa. Mutane da yawa sun fara saninsa ne a gasar Faris ta 2024, lokacin da hoton Yusuf Dikeç ɗan ƙasar Turkiyya ya zagaye duniya, yana tsaye da hannu ɗaya a aljihu, ba wani tarkace a fuskarsa sai tabarau, ya kuma ci lambar azurfa a gasar haɗin gwiwa ta maza da mata.

Takarda kafin bindiga

Kada ka sayi komai kafin ka je ka tambaya. Ka fara da ofishin ƴan sanda ko na jandarma mafi kusa da kai, ka faɗi ainihin abin da kake son mallaka, da girman ƙwayarsa, da wurin da za ka riƙa harbawa, sannan ka bi hanyar da suka nuna maka har ka samu amsa a rubuce. Amsar baki ba ta da amfani a shingen bincike, domin jami'in da ya ce maka babu laifi ba shi ne zai tare ka a hanyar Tibiri ba. Idan daga waje za a shigo maka da ita, maganar duwan ma tana nan, kuma rasiɗin saye da takardar shigowa su zauna tare da bindigar a akwati ɗaya. Abu guda da ya kamata ɗan Maradi ya riƙe da kyau shi ne cewa dokar makamai ta Najeriya ta lissafa bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisi ake riƙewa, saboda haka ɗauko ta a ɓoye daga Kano ko Katsina, a biyo da ita ta Jibiya da Ɗan Isa, laifi ne a can kafin ma a iso nan.

Ya fi sauƙi a yi wannan tafiya a ƙungiyance. Mutum biyar ko shida masu sana'a da adireshi sananne, waɗanda suka rubuta tsarin ƙungiyarsu suka yi mata rajista, suka gabatar da kansu ga ofishin matasa da wasanni na jiha, sun fi samun kunnen hukuma a kan mutum guda da ya zo shi kaɗai yana maganar bindiga. Ƙungiya tana kuma rage tsada, tunda bindiga ɗaya ko biyu sun isa kowa ya koya bi da bi. Mai unguwa da maƙwabtan wurin harbin su san abin da ake yi tun ranar farko.

Wace bindiga za a saya

Dokar gasa ta ƙayyade cewa faɗin ƙwayar ya zama milimita 4.5, nauyin bindigar kada ya wuce giram 1500, kunamarta kada ta saki da matsin da ya gaza giram 500, kuma dukkan bindigar ta shiga akwatin awo mai tsawon milimita 420, faɗin 200, kaurin 50. Ba a yarda da madubin hangen nesa ko hasken leza ba, sai saitin ƙarfe na gaba da na baya. Ko da ba ka da niyyar shiga gasa, gara ka sayi wadda ta bi waɗannan ƙa'idoji, domin makin da ka samu ya zama abin kwatantawa da na kowa a duniya.

Bindigogin iska iri huɗu ne idan aka duba abin da ke tura ƙwayar, kuma yanayin Maradi yana da ta cewa a zaɓin. Akwai mai sifirin, wadda ake karya ta a ɗana, ita ce mafi arha da juriya, sai dai tana girgiza a hannu lokacin da ta saki, abin da ke wahalar da mai koyo. Akwai mai aiki da ƴar tukunyar iskar CO2 ta giram 12, wadda take da daɗin harbi amma ba ta jituwa da zafinmu. Matsin wannan iska yana hawa da sauka tare da zafin gari, kuma da zarar ya haura digiri 31 ba ta iya zama ruwa a cikin tukunyar, sai matsin ya riƙa tashi da sauri. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, saitin da ka daidaita da safe ba zai tsaya ba zuwa azahar, kuma barin tukwanen a cikin mota a rana haɗari ne. Na uku su ne na manyan ƴan wasa, masu silinda da ake ɗura wa iska har matsin bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne), waɗanda kamfanonin Steyr na Ostiriya, da Walther da Feinwerkbau na Jamus, da Morini na Suwizalan, da Pardini na Italiya suke ƙerawa. Kuɗin sabuwa ya haura sefa miliyan guda, ban da famfon ɗura iska. Wanda ya kai ga irin wannan ya sani cewa iskar shaƙa zalla ake ɗura mata, kada a kuskura a sa mata iskar oksijin ta masu walda ko ta asibiti, domin haɗuwarta da maiƙo a irin wannan matsi tana tayar da wuta.

Ni dai ta huɗun nake ba mai farawa shawara, wato wadda ake ɗana ta da jan hannu sau ɗaya, a matse iskar harbi guda. Ba ta buƙatar tukunya ko famfo, ba ta girgiza, kuma zafi ba ya sauya ƙarfinta yadda yake yi wa mai CO2. IZH-46M ta Rasha da Gamo Compact ta Sifen suna cikin waɗanda aka daɗe ana koyo da su. Abin da za ka guje wa shi ne masu harba ƴan ƙwallayen ƙarfe, domin ba su da daidaito kuma ƙwallon yana dawowa idan ya bugi abu mai tauri, da kuma waɗanda aka ƙera su don su yi kama da bindigar soja ko ta ƴan sanda. A garin da kowa yake cikin ɗar-ɗar, wannan kamanni kaɗai ya isa ya jawo wa mutum harsashi na gaske.

Wurin harbi

Kana buƙatar wuri rufaffe mai tsawon mita 13 zuwa 14, domin bayan mita 10 na harbi sai an bar wurin tsayuwa da ɗan teburin ajiye bindiga. Tsohon sito ko dogon ɗaki mai ƙofa ɗaya ya fi tsakar gida nesa ba kusa ba, tunda a tsakar gida ba ka da iko da yaron da zai ɓullo a guje, ko akuyar da za ta gifta, kuma ƙwayar da ta tsallake katanga ba ka san inda za ta sauka ba. Ƙofar ta kasance a bayan mai harbi, a kuma kulle ta. Kada taga ko wata ƙofa ta kasance a bangon da ake fuskanta. Ƙwayar tana fita da gudun kusan mita 150 a daƙiƙa, abin da ya isa ya fasa ido ko ya shige fata.

Ana rataye takardar saiti yadda tsakiyarta take mita 1.40 daga ƙasa. Bayanta ana sa abin da zai kama ƙwayar, ko dai akwatin ƙarfe mai karkataccen baya wanda kowane mai walda zai iya haɗawa idan aka zana masa, ko kuma kwali mai kauri da aka cusa wa tsummoki sosai. Bayan wannan kuma a jera buhunan rairayi ko a rataye tsohon bargo mai nauyi, ya rufe fili mai faɗi, saboda mai koyo yakan kauce wa akwatin gaba ɗaya. Katako mai tauri da tayar mota da bangon siminti tsirara duk suna mayar da ƙwaya baya, saboda haka duk wanda ke cikin ɗakin ya sa tabarau na kariya. Haske ya faɗa kan takardar sosai kuma bai ɗaya, ba tare da ya haske idon mai harbi ba.

Takardar gasa murabba'i ce mai santimita 17 kowane gefe. Da'irar maki 10 faɗinta milimita 11.5 ne, kowace da'ira ta gaba tana ƙaruwa da milimita 16, baƙin tsakiya yana ƙarewa a da'irar maki 7 da faɗin milimita 59.5, ta ƙarshe mai maki 1 kuma milimita 155.5. Da waɗannan alƙaluma kowace maɗaba'a a gari za ta iya buga maka ita, sai dai a zaɓi takarda mai kauri wadda ba ta yagewa, don ramin ya fita a zagaye. Idan rami ya taɓa layi, makin sama ake ba shi.

Dokokin aminci ba su da yawa, amma ba a sassauta su ga kowa. A ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗananniya ko da yanzu aka duba ta, bakinta kada ya fuskanci mutum ko da wasa, yatsa kada ya hau kunama sai an ɗaga hannu zuwa ga takarda, kuma babu mai taɓa bindiga muddin wani yana gaba yana sauya takarda. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin ingantaccen hadisi ya hana nuna ɗan'uwa da makami, wani kuma ya hana mayar da abu mai rai abin gwajin harbi, saboda haka kurciyoyi da ƙadangarun unguwa ba sa cikin wannan wasa. Idan an gama, bindiga ta koma akwati mai kwaɗo, ƙwayoyi a wani wuri daban, makulli a aljihun babba. Ɗaukar hoto da ita a sa a Facebook ko TikTok neman fitina ne kawai.

Sai maganar dalma, wadda ake yawan rainawa. Ƙwayoyin da dalma ake yin su, kuma mutanen wannan yanki sun san abin da gubarta ta yi a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu. Ba a cin abinci ko goro a wurin harbi, ba a riƙe ƙwaya da leɓe, ana wanke hannu da sabulu bayan an gama, kuma ana goge ƙasan ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya mai tayar da ƙura. Ragowar dalmar a tara ta a gwangwani mai murfi inda yara ba sa kaiwa, kada kuma a narka ta a tukunyar gida.

Tsayuwa da riƙo

Da hannu ɗaya ake harbi, a tsaye, ba jingina. Ka buɗe ƙafafunka daidai faɗin kafaɗa, ka ba takardar gefenka ko ka ɗan karkato kaɗan, nauyinka ya rabu daidai a ƙafa biyu. Ɗayan hannun a sa shi a aljihu ko a maƙale shi a ɗamara don kada ya yi lilo. Takalmi mai shimfiɗaɗɗen tafi ya fi silifa, kuma babbar riga ba ta dace ba saboda hannunta yana jan kafaɗa. Don gano inda jikinka yake fuskanta da kansa, ka rufe ido, ka ɗaga hannu, sannan ka buɗe. Idan saitin ya faɗi hagu ko dama da takardar, ka gyara da matsar da ƙafar baya, kada ka gyara da murɗa kafaɗa, domin tsokar da aka tilasta takan koma inda ta saba daidai lokacin da harbi ke fita. Idan ka samu wurin, ka zana sawunka da alli.

Mariƙin bindigar ya zauna can cikin tsakanin babban yatsa da manuni, ya miƙe da ƙashin hannu. Yatsan tsakiya da na kusa da shi su ne ke riƙo, suna matsawa kai tsaye zuwa baya, ƙaramin yatsa da babban yatsa suna kwance ba matsi. Ƙarfin riƙon kamar na musabaha da mutumin da kake girmamawa ne, ba sako-sako ba, ba kuma matsewar da za ta sa hannu rawa ba. Wuyan hannu a kafe yake, gwiwar hannu a miƙe. Abin da ya fi muhimmanci shi ne riƙon yau ya zama irin na jiya, na harbi na farko ya zama irin na sittin.

Mafi yawan ƴan wasa suna barin idanu biyu a buɗe, su rufe gaban wanda ba ya aiki da ɗan farin roba a jikin tabarau, saboda runtse ido ɗaya yana gajiyar da ɗayan. Don sanin idon da ya fi rinjaye, ka miƙe hannaye ka haɗa su su bar ƴar kafa, ka hango wani abu ta cikinta, ka janyo hannayen a hankali zuwa fuskarka, za su tsaya a gaban idon da kake nema.

Inda makin yake

A nan ne kusan kowane mai koyo yake ɓata watanni, saboda abin da ake so ya yi ya saɓa wa abin da zuciyarsa take gaya masa. Ido ba ya iya ganin abu uku masu nisa daban-daban tar a lokaci guda, ga tsagar saitin baya, ga tsinin saitin gaba, ga takarda a mita 10. Dole a zaɓi ɗaya, kuma tsinin gaba ake zaɓa. Takardar a bar ta ta yi dishi-dishi. Saman tsinin ya yi daidai da saman tsagar, hasken da ke hagunsa ya yi daidai da na damansa.

Dalilin lissafi ne. Idan hannunka gaba ɗaya ya gusa da milimita 5 alhali saitin biyu suna daidai da juna, ramin ma milimita 5 kawai zai gusa, kana nan cikin maki 10 ko 9. Amma tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya kusan santimita 35 ce, nisan takarda kuwa ya ninka wannan kusan sau 29, saboda haka idan tsinin ya kauce a cikin tsagar da milimita 1 tak, ramin zai kauce da kusan milimita 29, ka faɗo bakin da'irar maki 7. Wanda ya mayar da idonsa kan takarda don ya ga ko yana tsakiya ya bar babban kuskure yana gadin ƙarami. Saboda wannan ne ma ƙwararru ba sa saita tsakiyar baƙin, suna tsayar da tsinin a farin da ke ƙarƙashinsa, inda baƙin ƙarfe yake fitowa sarai, sannan su daidaita saitin baya yadda ƙwayar za ta hau tsakiya.

Hannun ɗan Adam ba ya tsayawa cak, har na zakarun duniya. Bindigar za ta riƙa yawo a ɗan fili, kuma aikinka shi ne ka yarda da wannan yawo ka ci gaba da matsa kunama a hankali a cikinsa. Babban kuskure shi ne jiran lokacin da saiti ya gifta tsakiya a fizgi kunama da sauri, domin fizgar tana karkatar da bakin bindiga, kuma ga mai harbi da hannun dama ramukan sukan taru a ƙasa ta hagu. Tsokar gaɓar farko ta manuni ce ke zama kan kunama, matsin yana tafiya kai tsaye zuwa baya, yana ƙaruwa ba tsayawa har harbin ya fita ba tare da ka zaɓi daƙiƙarsa ba.

Tsarin harbi guda yana tafiya kamar haka. Ka ja numfashi kana ɗaga hannu zuwa saman takarda, ka saki rabinsa kana saukowa a hankali, idonka ya kama tsinin gaba tun kafin ka iso wurin tsayawa, yatsa ya riga ya fara matsi. Daga nan numfashi ya tsaya. Hannu ya fi natsuwa a daƙiƙun farko, kuma idan aka kai kusan daƙiƙa goma harbi bai fita ba, ido ya fara gajiya, hannu ya fara rawa, sai a cire yatsa daga kunama a sauke bindiga a sake daga farko. Sauke hannu ba gazawa ba ce, ƙwararru suna yin sa a tsakiyar gasa, masu koyo ne suke jin kunyarsa. Bayan harbin ya fita, ka ci gaba da riƙe saitin daƙiƙa biyu, sannan kafin ka duba takarda ka faɗa wa kanka inda kake zaton ramin yake. Ranar da zatonka ya fara dacewa da abin da ke takarda, ka fara ganin abin da hannunka yake yi.

Horo

Makonnin farko ba na ƙirga maki ba ne. Ka juya takardar ka harbi farin bayanta, domin idan babu baƙin da zai ja idonka, dole ka kalli tsinin gaba, kuma mutane da yawa suna mamakin yadda ramukansu suke haɗuwa wuri guda a farar takarda fiye da mai zane. Kada ka taɓa ƙusoshin saiti sai ramuka goma suna taruwa a wuri ɗaya, ko da ba a tsakiya ba. Idan sun taru, sai a matsar da saitin baya zuwa ɓangaren da ake son ramukan su koma.

Harbi ba ƙwaya, a gaban farin bango, shi ne horon da ya fi arha kuma ya fi gyara yatsa, tunda duk motsin da tsinin ya yi lokacin da kunama ta saki za ka gan shi. Bindigogin gasa suna da maɓallin yin haka, amma mai sifirin ba a harba ta babu ƙwaya, yana lalata ta. Kafaɗa kuma tana son nata aiki, wato ɗaga bindigar ko gorar ruwa mai nauyin kilo guda a riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30, a huta, a maimaita, da hannu biyu bi da bi don kada jiki ya karkace. Minti 20 kullum ya fi sa'a uku ranar Lahadi kaɗai. Lokacin da ya fi dacewa a nan shi ne bayan sallar asuba zuwa hantsi, kafin ɗaki ya ɗauki zafi gumi ya sa mariƙi santsi, kuma shayi mai ƙarfi gab da harbi yana ƙara bugun zuciya da rawar hannu.

Cikakkiyar gasa harbi 60 ce a cikin minti 75, bayan minti 15 na shiri da gwaji, mafi girman maki 600. Jin Jong-oh na Koriya ta Kudu ya kafa tarihi da 594 a 2009. Mai farawa ya fara da harbi 20, ya hau 40, kada ya kai 60 sai kafaɗarsa ta daina ciwo. Ka riƙe littafi kana rubuta kwanan wata, da yanayin zafi, da irin ƙwayar, da makin kowane harbi goma, da abin da ka lura da shi a jikinka.

Ƙurar hunturu tana cin robobin da ke riƙe iska, saboda haka bindiga ta zauna a rufe, a goge ta da busasshen ƙyalle bayan kowane horo. Man da littafin bindigar ya ambata kaɗai ake sa wa robobin, yawanci na silikon, ban da man inji ko na keken ɗinki.

Wanda awo da gwaji suka fara jawo hankalinsa, a ƙwayar zai same su. Ta gasa mai shafaffen kai ce don ta huda takarda a zagaye, nauyinta kusan rabin giram, kuma kamfanonin RWS da H&N na Jamus da JSB na ƙasar Cek suna sayar da ita a gwangwani mai ɗauke da 500. Suna yin ta da faɗin kai daban-daban, 4.48 da 4.49 da 4.50 da 4.51, saboda bututun kowace bindiga yana da wadda ya fi so. Hanyar ganowa ita ce a ɗora bindigar a kan buhun rairayi, a harba goma-goma daga kowane iri a takarda daban, a auna faɗin tarin ramukan da ma'auni, a rubuta. Mai son ƙarin daidaito yana iya samun ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinariya, ya auna ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya ya ware masu nauyi ɗaya domin ranar gasa, ya kuma fitar da duk wadda gindinta ya lanƙwashe ya bar ta ga horon farar takarda. Idan wani iri ya yi fice, a duba lambar rukunin da aka buga a jikin gwangwanin, a sayi gwangwanaye da dama masu wannan lamba a lokaci guda, domin rukuni na gaba daga kamfani ɗaya yana iya fita daban, sai an sake gwajin daga farko.